Tsuntsayen bayan ɗaki: gero za a watsa musu ko ruwa za a ajiye, kuma yaya ake samun hotonsu?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga masu kyamara ce da waɗanda suka san tsuntsaye. Gidanmu a Zariya akwai gwaiba da zogale a bayan ɗaki, kullum da asuba wajen cike yake da kuka kala-kala. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsi masu shuɗin ƙirji, wasu kuma ja wur. Ina son ɗaukar su hoto, amma da na ɗaga waya sai su watse, wanda na samu kuma in na buɗe ɗigo kawai nake gani a cikin ganye. Na fara watsa musu gero, to yanzu kurciyoyi da gwara ne suka mamaye wajen. Dole sai na sayi babbar kyamara ne?

Dauda Jos: Wa alaikumus salam Hajiya. Masu shuɗin nan asisi ne. Ki lura da kuncinsu, mai jan tabo shi ne namiji, macen ba ta da shi. Jajayen kuma baiwar Allah ce, namijin ne ja, macen ruwan ƙasa ce da ɗan ja a gindin wutsiya. Yawanci tare suke kiwo a ƙasa. Zancen kyamara ki ajiye shi tukuna. Ki daina geron, ki nemi kasko mara zurfi ki zuba ruwan da bai wuce gaɓar yatsa ɗaya ba, ki sa ɗan dutse a tsakiya. Ki ajiye shi a inuwa, kusa da gwaibar yadda in sun tsorata za su samu mafaka, amma ba dab da inda kyanwa za ta iya laɓewa ba. Yanzu da muke cikin Maris, kwana kaɗan za ki ga abin mamaki.

Injiniya Kabiru: Dauda ban yarda a daina hatsi ba. Duk hotunan da muke gani na Ingila da Amurka ai a bakin abinci ake ɗaukar su. Mutanen can buhu-buhu suke saye don tsuntsayen lambu. Mu me zai hana?

Dauda Jos: Injiniya, su can da hunturu ƙanƙara ke rufe ƙasa, abinci ne ke wuya. Mu nan daga Fabrairu zuwa saukar damina ruwa ne ke wuya. Iri na ciyawa yana nan zube a ƙasa, ga bakin turmi, ga inda ake shiƙa. Sannan hatsi masu cin hatsi kaɗai yake kirawowa, kuma a cikinsu mai ƙarfi ke kore mai rauni, shi ya sa kurciya ta ƙwace wa Hajiya wuri. Ruwa kuwa kowa na so. Koji zai zo, shaya za ta zo, kacakaca za su zo da surutunsu, har masu cin ƙwari da ba za su taɓa kallon gero ba sai sun sauko wanka.

Injiniya Kabiru: To a haɗa biyun mana.

Hajiya Rabi Katsina: In za a haɗa, a nisanta su da juna. Ni tsakin gero nake watsawa can gindin katanga, ɗan kaɗan da zai ƙare kafin hantsi, kaskon ruwa kuma yana wani gefen. In ya kwana a ƙasa ɓera kake kira, in ɓera ya zo maciji na bayansa. Amma gaskiyar Dauda, mafi yawan tsuntsayen da nake gani a bakin ruwan suke.

Nafisa: Anti Rabi ki ƙara da zancen sauro. Ruwan da aka bari a kasko mako guda ya ishi ƙwan sauro ya zama sauro. Kullum a zubar, a goge gansakukar, a sake sabo. Wanda kuma ke kiwon kaji kada ya bari su sha a kasko ɗaya da tsuntsayen daji. Ba mu manta da 2006 ba, lokacin da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a wata gonar kaji a jihar Kaduna, kuma tun daga nan takan dawo lokaci-lokaci. In an ga mataccen tsuntsu a bakin ruwan kada yara su ɗauka da hannu.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Kaji ba ni da su, kyanwar maƙwabta ce dai matsalar. To hoton fa?

Ɗanliti: Anti ni da waya nake ɗauka, bari in faɗa miki dabarata. Kada ki ja hoton da yatsu don ya matso, nan ne yake dagulewa. Tsuntsun ne zai matso kusa da wayar, ke kuma ki yi nisa. Ki kafa wayar a kan ɗan maƙali ko ki tokare ta da bulo, kamar taku ɗaya daga kaskon, daidai tsayin bakinsa. Ki danna wajen dutsen nan a fuskar wayar ki riƙe har saitin ya tsaya a wurin, ki kunna bidiyo, ki koma ɗaki abinki. Bayan minti goma sha biyar ki ɗauko, ki bi bidiyon a hankali ki ciro inda tsuntsu ya fito fes. In wayarki na ɗaukar bidiyo mai tsabta sosai da ake kira 4K, kowane hoton da kika ciro ya kai megafiksel 8, ya ishi Facebook har da ragi. Ki dai sa ta a inuwa, zafin bazara na sa waya ta kashe kanta.

Ɗanliti: Na manta, ki soke busasshen reshe a ƙasa kusa da kaskon, ya ɗan fi shi tsayi. Kusan kowane tsuntsu sai ya fara sauka a kansa ya duba hagu da dama kafin ya dira. Hoton kan reshe ya fi na bakin kasko kyau nesa ba kusa ba.

Baba Ɗanjuma: Yaron nan ya iya. Ni da na yi shekaru ina ɗaukar hoton biki da na fasfo kafin in yi ritaya in koma kan tsuntsaye, abu biyu zan ƙara. Na farko haske. Rana ta kasance a bayanki ko a gefenki, kuma daga fitowarta zuwa wajen ƙarfe tara, ko bayan la'asar sakaliya. Da tsakar rana inuwa ke cika idon tsuntsu, hoton da ido bai fito ba kuwa mataccen hoto ne komai tsadar kyamarar. Na biyu, ki duba abin da ke bayan reshen. Yawancin hotunan da ake turowa nan tsuntsun lafiya lau, amma ga bokiti, ga igiyar shanya, ga buta. Ki juya har bayan ya zama ganye ko katangar ƙasa da ke nesa. Iya nisan bayan, iya yadda tsuntsun zai fito shi kaɗai.

Wanda kuma ya ƙuduri sayen kyamara, ba sai ya fara da wadda ake cire mata gilashi a canza wani ba. Akwai irin su Nikon P900 mai jawowa har ninki 83, ana samun ta hannu. Aibinta ba ta son duhu, da asuba hotonta yashi-yashi yake fita. Kowace iri ce, saurin ɗauka kada ya gaza 1/1000 na daƙiƙa, in wanka suke kana son ɗigon ruwa ya tsaya a iska ka kai 1/2000. Lokacin hazo kuma kada ka canza gilashi a tsakar gida, ƙura za ta shige ciki ka yi ta ganin tabo a kowane hoto.

Injiniya Kabiru: Baba Allah ya ƙara lafiya. Ni gilashi mai jawo nesa, mai milimita 400, nake amfani da shi, daga saman bene nake ɗaukar hotonsu a kan darbejiyar layinmu.

Baba Ɗanjuma: Daga saman bene? Kabiru ka yi hattara. Mutum ya fito alwala ya ɗaga kai ya ga ƙaton gilashi ya nufo gidansa, iyalinsa na tsakar gida, ba zai tsaya tambayar wane tsuntsu kake nema ba. Akwai wanda na sani sai da magana ta kai gaban mai unguwa. Ni ƙa'idata, bakin kyamara ba ya tsallake katangata. In tsuntsun yana bishiyar maƙwabci, in yi sallama in nemi izini, in ya yarda in nuna masa hoton bayan na ɗauka. Sau da yawa ma shi zai riƙa aiko yaro ya ce ga wani ya sauka.

Hajiya Rabi Katsina: Wallahi Baba ka faɗi abin da ke raina. Mu mata mun fi kowa sanin wannan. Kuma hoton da aka ɗauka daga sama bayan tsuntsu kawai yake nunawa.

Injiniya Kabiru: Darbejiyar a bakin titi take, ba a gidan kowa ba. Amma na ji. Wata dabarar da ban ga an ambata ba, kiran tsuntsu da kukansa. Akwai wani mai jan ƙirji kamar jini, baƙin baya, rawaya a ka, a manhaja sunansa gonolek. Kullum yana cikin duhuwa, sai dai ka ji shi. Na sauke kukansa daga intanet, ina kunnawa a sifika sai ga shi ya fito fili yana neman mai yi. Minti biyu na gama.

Dauda Jos: Ka san me ya fito da shi? Shi a ganinsa wani namiji ne ya shigo masa yanki zai ƙwace masa mata. Ba sha'awar kiɗa ta kawo shi ba, faɗa ya fito yi. Tsuntsun nan ma abin burgewarsa ba a hoto yake ba. Kukan da kake ji kamar na tsuntsu ɗaya, na biyu ne: namiji ya yi fito, macen ta amsa da ƙas-ƙas nan take, ba tazara ko kaɗan. In kana yawan kunna masa, ko dai ya bar kiwo da ciyar da 'ya'ya yana farautar abokin gaban da babu shi, ko ya gaji ya bar unguwar.

Injiniya Kabiru: Ai masu bincike ma suna yi.

Dauda Jos: Suna yi, na 'yan daƙiƙu, a dajin da ba za su koma ba sai bayan watanni, don su tabbatar ko tsuntsun na nan. Kai kuma a bayan gidanka ne, ma'aurata ɗaya tak, kullum su ne. Ba ɗaya ba ne.

Ɗanliti: Yaya Kabiru in har yana unguwarku, zai zo kasko da ƙafarsa. Namu da azahar yake zuwa, in gari ya yi tsit.

Alhaji Bala: Ni duk wannan wahalar ban gane mata ba. Kanarina huɗu a keji, safe da yamma suna yi mini kuka, in ina son hoto in ɗauka ina kishingiɗe. Acca da ruwa kawai suke ci mini.

Nafisa: Alhaji da izininka, kanarin nan ai daga daji aka kamo su. Masu tarko kan kama da yawa, kafin a kai kasuwa wasu sun mutu a hanya.

Alhaji Bala: 'Yata, shari'a ba ta hana ba. Ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Annabi (SAW) har yakan tambaye shi labarin tsuntsun. Hadisin na cikin Bukhari da Muslim. Sharaɗin dai ka ciyar ka shayar.

Malam Auwal: Gaskiya ne Alhaji, da hadisin malamai suka kafa hujjar halascin ajiye tsuntsu in ana kula da shi. Sai dai a haɗa da wanda Abu Dawud ya ruwaito, inda sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa biyu a wata tafiya, uwar ta zo tana ta shawagi a kansu, Annabi (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Wannan ya shafi masu kwasar 'yan tsaki daga sheƙa, ya kuma shafi 'yan uwanmu masu hoto. Na ga hotuna a zauren nan an yaye ganyen da ya rufe sheƙa don haske ya shiga. Kai ka samu hotonka ka tafi, hankaka da ƙadangare da zafin rana kuma ka nuna musu hanya. Shi kuwa kaskon ruwa, shayar da duk mai rai akwai lada a kansa, wannan ma ya tabbata.

Alhaji Bala: Nawa manya na saye su Malam, ba daga sheƙa ba.

Baba Ɗanjuma: Alhaji ba wanda zai ƙwace maka kanarinka. Amma ka gwada ajiye kasko a ƙarƙashin kejin, na daji za su zo, ka ji yadda ake gasar kuka ta gaske.

Admin: Daga yau hoton sheƙa mai ƙwai ko 'ya'ya, in da alamar an taɓa ta, za mu cire. A ci gaba.

Hajiya Rabi Katsina: Tunda ana zancen baiwar Allah, bara da kaka na riƙa ganin wani ɗan baƙi siɗik mai sheƙi, farin baki, ƙafa ja-ja, yana bin su duk inda suka je. Yanzu ya ɓace. Wane ne shi?

Dauda Jos: Hajiya bai ɓace ba, kaya ya canza. Da rani yakan koma ruwan ƙasa mai zane-zane, ya saje da sauran. Shi wannan ba ya sheƙa. Macensa a sheƙar baiwar Allah take zuba ƙwanta, su ƙyanƙyashe su rena mata. Ɗan nata kuma tabon da ke cikin bakinsa irin na 'ya'yan masu gidan ne sak, don haka in ya buɗe baki uwar riƙon ba ta bambancewa. Ba ya kashe 'yan gidan, tare suke tashi. Abin da ya fi ɗaure kai, namijin in ya girma yana saka kukan baiwar Allah a cikin nasa, wanda ya koya a sheƙar da aka rene shi, macen kuma wanda ke kukan irin gidan da ta tashi shi take zaɓa. Danginsu ɗaya da zalaiɗu mai dogon bindi, shi ma haka yake yi wa wasu ƙananan tsuntsaye.

A nan wajenmu akwai wata irin baiwar Allah ta kan duwatsu da masana ba su san da ita a matsayin jinsi na daban ba sai 1998, da wani Ba'amurke, Robert Payne, ya bayyana ta. Ita ma tana da nata ɗan baƙin da ke ɗora mata reno. Masu zuwa dajin Amurum, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take a ƙarƙashin Jami'ar Jos, su biyun suke fara nema.

Maman Ilham: Ikon Allah. Wato har a tsuntsaye akwai mai kai wa wani reno ba tare da sallama ba.

Ɗanliti: Mulufi ma haka yake canza kaya. Da damina ja da baƙi kamar dogarin sarki, yanzu kuwa in ya sauka a kaskonki ba za ki ce shi ba ne.

Malam Isuhu Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Ku da kuke da kasko, a watan nan ku buɗe ido sosai, akwai baƙi. Wasu ƙananan tsuntsaye marasa ado, masu siririn baki, da ke tsalle cikin ƙaya suna tsintar ƙwari, ba 'yan nan ba ne. Daga Turai suke zuwa wajen Satumba da Oktoba, su yi rani tare da mu, yanzu suna tara kitse za su ƙetare Sahara su koma, kuma da dare suke tafiya. Akwai mai farin maƙogwaro, nauyinsa kusan giram 15 ne kacal. A 1969 mutanen Ingila sun ga yawancinsu ba su dawo ba, da aka bincika sai aka gano farin da aka yi a yankinmu na Sahel ne ya cinye su. Su ba hatsi suke nema ba, itace suke so, musamman gawo da ke fid da ganye da fure da rani lokacin da sauran suka bushe. Mu nan tun da manoma suka rungumi sassaben zamani, ana barin tsiron itace a gona ana gyara shi maimakon a tumɓuke, ni dai a gonakinmu tsuntsayen da nake gani sun fi na lokacin ƙuruciyata.

Dauda Jos: Malam Isuhu ka kawo magana. Wanda ke son tsuntsu na dindindin a gidansa itace zai shuka. Ɓaure ko cediya in suna 'ya'ya ba ka buƙatar komai. Zogalen Maman Ilham ma in ya yi fure sha-kauci zai zo, a wannan lokacin akwai ƙaramin nan mai koren kai da rawayan ciki, namijin da dogayen gashin wutsiya biyu. Shi dai ba ya zama wuri ɗaya, sai ki zaɓi fure guda ki saita ki jira.

Sabi'u Manomi: Ku yi haƙuri in ɗan ɓata muku. Kuna ta lallashin tsuntsu da ruwa, mu a fadamar Haɗeja jan baki ke tashinmu tsaye. In garkensu ya sauka a shinkafa ko gero, yara tun asuba suna gona da gwangwani da majajjawa har magariba. Wanda bai taɓa ganin gonarsa ta koma ƙaiƙayi ba shi ke cewa tsuntsu abin sha'awa.

Malam Isuhu Maraɗi: Sabi'u mu ma mun san zafinsa. Amma jan baki daga manyan fadamu da dazuzzukan ƙaya yake tasowa dubbai-dubbai, ba kaskon bayan ɗaki ke tara shi ba. Maganin da ake fesa musu kuma ba ya tambayar sunan tsuntsu, har shaho da mujiya masu cin waɗanda suka faɗi yana kashewa.

Sabi'u Manomi: To ku zo da kyamarorinku da kaka ku taya mu kora, sai ku ɗauki hoton a kyauta.

Baba Ɗanjuma: Ni na karɓi gayyatar, in za a ba ni tabarma da fura.

Nafisa: Yaya Dauda, wace manhaja ce ke gane tsuntsu? Na gwada ta sauraren kuka, rabin abin da ke gidanmu ba ta sani ba.

Dauda Jos: Merlin ta fi ƙwarewa a hoto fiye da kuka in dai tsuntsayenmu ne, ki sauke kundin yankinmu kina da data, bayan nan ko babu intanet tana aiki. Amma ki riƙa tantancewa, takan yi kuskure, musamman a kan mata da waɗanda suka canza kaya. In kin fara gane su, akwai aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a ƙarshen 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da faɗi, kina rubuta duk tsuntsun da kika gani ko kika ji a manhajar BirdLasser ki tura. Ba sai da hoto ba, gwara da kurciya ma ana so. Akwai garuruwan Arewa da yawa da jerin da aka turo daga cikinsu bai taka kara ya karya ba.

Maman Ilham: Jama'a ga wanda ya fito a bidiyon yau da safe, na bi dabarar Ɗanliti. Baƙin kai, jiki ruwan ƙasa, ya kori kowa ya yi wanka shi kaɗai.

Ɗanliti: Koji ne Anti, shi ne mai tashin ku da asuba. Amma wayar ta yi sama da yawa, ki rage bulo ɗaya. Kuma silifas ɗin Ilham ya fito a baya.

Injiniya Kabiru: Saitin ma a kan dutsen ya tsaya, ba a kan idon ba. Da mai 400 ne da ba haka ba.

Hajiya Rabi Katsina: Injiniya turo naka na kojin mu gani.

Injiniya Kabiru: Yana cikin ɗayar kwamfutar, sai an kawo wuta.